Ina muryata za ta kai? Tambayoyi da amsoshi kan nisan zangon rediyon 'yan sha'awa

Tun da oba-oba ta yi araha a kasuwa, tambayar da matasa da masu gyaran rediyo a nan Katsina suka fi yi mini ita ce ta nisa. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Ga wanda bai sani ba, rediyon 'yan sha'awa shi ne mutum ya karɓi lasisi daga hukuma, a ba shi lambar kira tasa, ya haɗa tasharsa a gida yana magana da masu lasisi irinsa, na kusa da na wasu ƙasashe, don koyo da gwaji ba don neman kuɗi ba. Lambar kira ta Najeriya tana farawa da 5N, ta maƙwabtanmu na Nijar kuma da 5U.

Malam, a jikin kwali an rubuta oba-obar nan tana cin dogon zango, amma daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Sauri ma murya yankewa take. Jabu aka sayar mini?

Da wuya a ce jabu ce. Yawancin oba-oba suna aiki ne a zango biyu, VHF da UHF. A yankinmu na Afirka rabon 'yan sha'awa shi ne megahaz 144 zuwa 146, wanda ake kira mita 2, da megahaz 430 zuwa 440, wato santimita 70. Siginar waɗannan zanguna a miƙe take tafiya kamar hasken tocila: abin da ke gabanta a fili ta kai masa, abin da ke bayan katanga kuwa sai ɗan abin da ya zagaya ko ya ratsa. Kai kana tsaye a ƙasa, eriyarka ba ta wuce kanka ba, abokinka ma haka. Tsakaninku akwai gidajen bulo, rufin kwano, benaye, itatuwan bedi da wayoyin wuta. Kowanne yana gutsurar rabonsa. Nisan da aka rubuta a kwali na mutumin da ke kan dutse ne yana magana da wani a kan dutse, babu komai a tsakani. A cikin gari, in ka samu kilomita 2 ko 3 hannu da hannu, na'urarka lafiyarta ƙalau.

To a fili fa, inda babu gini? Akwai hanyar da zan lissafa?

Akwai, kuma ba ta da wuya. Ko da ka share kowane gini da kowace bishiya, wani shinge ɗaya zai rage, shi ne lanƙwasar duniya kanta. Duniya ƙwallo ce mai kimanin kilomita 6,371 daga tsakiyarta zuwa doronta, saboda haka ƙasa tana gangarewa daga gabanka a hankali, har ta ɓoye abin da ke nesa. Iskar da ke kusa da ƙasa tana ɗan tanƙwara siginar rediyo zuwa ƙasa, shi ya sa takan ɗan zarce inda ido ya tsaya.

Ga lissafin. Ka auna tsayin eriyarka daga ƙasa da mita. Ka nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wannan tsayi. Sai ka ninka ta sau 4.12. Abin da ya fito shi ne nisanka da kilomita. Eriya mai tsayin mita 4 za ta ba ka kilomita 8 da 'yan kai. Mita 9, kamar a ce kan bene ka ƙara bututu, kilomita 12. Mita 25, kilomita 20 da ɗoriya. Mita 100, kilomita 41. Sannan ka yi wa abokin maganarka nasa lissafin, ka haɗa biyun. Mutum biyu a tsaye da oba-oba a hannu, kowanne kilomita 5, sun tashi da 10.

Hasumiyar Gobarau tsayinta kimanin mita 15 ne. Wanda ke samanta yana da kilomita 16 nasa, in ka haɗa da 5 na wanda ke ƙasa sun zama 21. Ka lura da yadda lissafin yake rowa: kafin ka ninka nisa sau 2, sai ka ninka tsayi sau 4.

Ni a Daura nake, ƙanena a Katsina. Za mu ji juna kai tsaye a mita 2?

Tsakanin biranen biyu a miƙe bai kai kilomita 80 ba sosai. Idan kowannenku zai ɗauki rabi, kowa yana buƙatar eriya mai tsayin kusan mita 90, in muka ɗauka ƙasar shimfiɗe take. Wannan ya fi ƙarfin gida.

Amma lissafin yana nuna inda sigina mai ƙarfi ke ƙarewa ne, ba inda take mutuwa gaba ɗaya ba. Ɗan abin da ya rage yana zagaya lanƙwasar ƙasa, wani kuma iska tana watsa shi gaba. Masu eriyar Yagi, mai sanduna jere da ke tattara sigina wuri guda, da na'ura mai wat 50 ko fiye a tsarin SSB (hanyar aika murya da ta fi FM kai nesa) ko Mos (saƙon ɗigo da ja), suna yin irin wannan nisa har su wuce. Da oba-oba da gajeriyar eriyarta ta roba kam, kada ka sa rai.

Hanya ta biyu ita ce rifita, na'urar da ake ɗorawa a wuri mai tsayi, kan dutse ko dogon ƙarfe, ta karɓi muryarka a wata mita ta sake watsa ta nan take a wata daban. A mita 2 tazarar da ke tsakanin karɓa da watsawa kilohaz 600 ce bisa al'ada. Rifita a tsakiyar hanya ta raba nisan biyu, kowa ya ji da rabinsa. Hanya ta uku, wadda na fi so wa mutumin Daura, tana ƙasa a tambayar gajeren zango.

In na sayi mai wat da yawa fa? Mai shago ya ce wat 10 ta ninka wat 5 nisa.

Nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta, don haka bari in tsaya a kai. Mai shago bai faɗi daidai ba. Ko a sararin samaniya, inda babu abin da ke tare sigina, sai ka ninka wuta sau 4 kafin nisa ya ninku sau 2. A doron ƙasa abin ya fi haka tsanani. Wani sashe na siginar yana bugun ƙasa ya taso, ya ci karo da wanda ya tafi kai tsaye, su rage wa juna ƙarfi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, lissafi ya nuna kana buƙatar wuta sau 16 don ninka nisa sau 2. Wato daga wat 5 sai ka kai wat 80. Tsakanin wat 5 da wat 10 kuwa, wanda ke sauraronka da ƙyar zai lura da bambanci, amma batirinka zai lura, kuma na'urar za ta yi zafi a hannunka.

A wannan lissafin dai, ninka tsayin eriya sau 2 daidai yake da ninka wuta sau 4. Mutumin da ya ɗaga eriyarsa daga mita 4 zuwa mita 8 da bututun ƙarfe ko gora ya samu abin da mai wat 5 zai samu in ya koma wat 20, bai ƙara ko sisi a kuɗin caji ba. Akwai kuma abin da wuta ba za ta taɓa yi maka ba. Wuta tana taimakon magana ne kawai, eriya mai tsayi kuwa tana taimakon magana da ji duka biyu. Ina amfanin a ji ka a Jibiya kai ba ka jin amsar?

Abu ɗaya da za ka kiyaye shi ne kebul. In ka ɗaga eriya sama, dole ka jawo waya zuwa ɗaki, ita ma tana cin rabonta. Siririn kebul irin RG-58, mita 20 nasa na cinye rabin wutarka ko fiye a mita 2, a santimita 70 ma ya fi haka. Ka nemi mai kauri, ka taƙaita shi iya yadda za ka iya, ka naɗe mahaɗinsa kada ruwa ya shiga. Wayar dish ta talabijin om 75 ce, na'urorinmu kuma om 50 suke so, wato ba su dace da juna ba.

Ina hangen eriyar abokina da idona, amma siginar ba ta da ƙarfi. Me ya sa?

Saboda sigina ba siririn zare take bi ba, tana buƙatar fili a kewayen layin da ya haɗa eriyoyin biyu, sama da ƙasa da gefe. Masana suna kiran wannan fili da sunan Fresnel, wani masanin haske na Faransa. Ya fi faɗi a tsakiyar hanya. A megahaz 145, in nisanku kilomita 10 ne, faɗinsa daga layin zuwa gefe a tsakiya ya kai mita 70, kuma ana so aƙalla kashi 60 cikin 100 nasa ya zama babu komai a ciki. Kusan babu tashar gida da ke samun haka, shi ya sa kowane mita da ka ƙara a tsayi yake biyanka. Da damina, in itatuwa suka cika da ɗanyen ganye, hanyar da ke aiki da rani takan raunana, musamman a UHF.

In haka ne, ta yaya ƙaramar rediyon Baba take kamo Landan da Jamus?

Wannan wata duniya ce daban, kuma ita ce ta sa da yawanmu muka kamu da son abin. Rediyon Baba gajeren zango take kamawa, tsakanin megahaz 3 da 30. Can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita, hasken rana yana bugun siririyar iskar da ke wurin ya sa mata caji. Wannan shimfiɗa ita ake kira ayonosfiya, kuma hawa-hawa ce. Na ƙasa shi ne D. Sai E a wajen kilomita 100. Sai F, wanda ya fi amfani, a kilomita 200 zuwa 400 ko fiye. Siginar gajeren zango in ta tashi a karkace ta isa F, sai ya tanƙwaro ta ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Tsalle ɗaya yana iya kai kilomita 4,000. Makka tana kimanin kilomita 3,500 daga Katsina, ka ga tana cikin tsalle ɗaya ke nan. Daga nan ƙasa ko teku su sake cilla ta sama, ta yi na biyu da na uku. Siginar mita 2 kuwa yawanci ratsa shimfiɗar take yi ta wuce abinta.

Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, kuma ba kullum daga Ingila siginar take tasowa ba, akwai tashar da ke watsa ta daga tsibirin Ascension a tsakiyar tekun Atilantika.

Tarihin abin yana da daɗi. A Disamba 1901 Marconi, ɗan Italiya daga cikin waɗanda suka fara rediyo, ya ba da labarin ya ji sigina daga Cornwall ta Ingila yana Newfoundland a tsallaken Atilantika, a lokacin da masana da yawa ke ganin lanƙwasar duniya ba za ta bari ba. A 1902 wasu masana biyu, Kennelly da Heaviside, kowa a nasa ɓangaren, suka ce lallai akwai wata shimfiɗa a sama da ke dawo da sigina. Appleton, masani ɗan Ingila, ya tabbatar da ita da gwaji a 1924, aka ba shi kyautar Nobel a 1947. Su kuwa 'yan sha'awa, dokar Amurka ta 1912 ta tura su zangon da bai kai mita 200 ba, don ana ganin ba shi da amfani. A nan suka tono arziki. A Nuwamba 1923 Léon Deloy daga Nice ta Faransa da Fred Schnell daga Connecticut ta Amurka suka yi magana da amsa a tsallaken Atilantika, a wajen mita 110. Bayan haka ne manyan tashoshi suka ruga zuwa gajeren zango.

Wane zango zan kama, kuma da wane lokaci?

Da rana hawan D yana shanye ƙananan mitoci. Rana na faɗuwa sai ya watse, shi ya sa tashoshin matsakaicin zango na nesa suke shigowa bayan isha'i. Saboda haka megahaz 3.5 da 7, wato mita 80 da 40, nisansu na dare ne. Megahaz 14, mita 20, shi ne zangon da aka fi dogara da shi don ƙetare, daga hantsi har bayan magariba, wani lokaci har cikin dare. Megahaz 21 da 28, wato mita 15 da 10, na rana ne, kuma sun dogara da yanayin ita kanta ranar, wadda ƙarfinta ke hawa da sauka duk kimanin shekara 11. Zagayen da ake ciki, na 25, ya fara a Disamba 2019, ya kai ganiyarsa a wajen 2024. A irin wannan lokaci wat 10 da eriyar waya a zangon mita 10 suna iya kai ka Turai.

Akwai abin da ke rikita sabon shiga. A mita 20 za ka iya jin mutumin Italiya tangaram, ka kasa jin na Kano da ke kilomita 150 kacal. Siginar da ke bin ƙasa ta ƙare tun kafin Kano, wadda ta hau sama kuma ta tsallake ta sauka can gaba. Maganinsa shi ne ka sauko mita 40 da rana ko 80 da dare, ka shimfiɗa eriyar waya a kwance, ƙasa-ƙasa, mita 4 zuwa 8 daga ƙasa. Haka siginar za ta miƙe sama kusan tsaye, ta dawo ta rufe duk kewayenka har ɗaruruwan kilomita, babu ruwanta da dutse ko gini. Da wannan mutumin Daura zai samu Katsina, Funtuwa, Kano, Damagaram da Maraɗi. Ga jiharmu wannan hanya ta fi kowace dacewa a ganina, domin ba ta jiran kowa ya kafa maka ƙarfe. A nan kaɗai ne zan ce maka kada ka ɗaga eriya.

Idan sigina ta yi rauni ƙwarai, akwai tsarin FT8 da Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017. Kwamfuta ce ke aika gajeren saƙo duk daƙiƙa 15, tana kuma tsamo siginar da kunne ba ya ji sam. Ba hira ake yi da shi ba, musayar lambar kira da rahoto ne kawai.

Wata safiya na kama tashar FM ta wani gari mai nisa, zuwa hantsi ta ɓace. Mene ne wannan?

A ƙa'ida iska tana ƙara sanyi ne in ana hawa sama. Wani lokaci, kamar da asubar da iska ta kwanta bayan dare mai sanyi, sai abin ya juye: iska mai sanyi a ƙasa, mai ɗumi da bushewa a samanta. Iyakar da ke tsakaninsu tana tanƙwaro siginar VHF ta hana ta ficewa, sai ta bi lanƙwasar ƙasa ta yi nisan da ba ta saba ba. Rana na ɗumama ƙasa, iska ta gauraye, hanyar ta rufe. A kan teku abin ya fi ƙarfi da daɗewa. A 2019 an yi magana a mita 2 tsakanin tsibiran Kef Bad na yammacin Afirka da Gwadaluf da ke yankin Karibiyan, kusan kilomita 4,000. Akwai kuma lokutan da wasu guntayen gizagizai masu caji ke taruwa a hawan E, su dawo da siginar mita 6, wato megahaz 50, wani lokaci har ta FM da mita 2, zuwa nisan kilomita 2,000. Duka biyun kyauta ce, a ji daɗinta in ta zo, amma ba a gina shiri a kanta.

Da gaske ne ana magana ta tauraron ɗan'adam da oba-oba?

Da gaske ne, kuma lissafin tsayi ne dai bai canza ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi a kimanin kilomita 400, tana zagaya duniya cikin kusan minti 90, kuma daga can tana hangen fiye da kilomita 2,000 ta kowane gefe. In ta ratso samanmu, na kamar minti 10, ana iya jin ta a megahaz 145.800 idan tana watsawa. Tauraron 'yan sha'awa na farko, OSCAR 1, an harba shi tun Disamba 1961.

Wanda ya fi shafarmu shi ne QO-100, na'urar 'yan sha'awa da ke jikin tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda aka harba a Nuwamba 2018. Yana kilomita 35,786 a sama, a tsaye wuri ɗaya, a wajen digiri 26 gabas, gefen da masu ɗaura dish suka sani da Arabsat. Ana aika masa a gigahaz 2.4, a karɓa a gigahaz 10, kuma yana rufe daga gabashin Barazil har Tailan, dare da rana. Wannan ba aikin oba-oba ba ne, amma farantin dish na gida da 'yan wat kaɗan sun isa. Duk yaron da ya iya saita dish ya riga ya yi rabin karatun.

Wace eriya zan fara da ita?

Wadda za ka haɗa da hannunka. Don mita 2, sandar tagulla mai kimanin santimita 50 a tsaye, da wasu huɗu irinta a ƙarƙashinta suna kallon gefe a ɗan sunkuye. Don gajeren zango, waya biyu masu tsayi ɗaya, kebul a tsakiya. Ka raba 143 da megahaz ɗin da kake so, ka samu tsayin duka da mita: kimanin mita 20 don megahaz 7, mita 10 don megahaz 14.

Kada bututu ko waya su kusanci layin wutar lantarki, ka auna inda za su faɗa in iska ta kayar da su. In hadari ya haɗo, ka cire kebul daga na'ura tun kafin a fara walƙiya, ka fitar da bakinsa waje. In kuma ƙara ta cika maka rediyo, ka kashe inbata da cajar sola da ƙwayayen fitila ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa mai laifin yana cikin gidan.

Lokacin da aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, da wannan ya taimake mu. Sai na yi lasisi?

Na fahimci inda tambayar ta fito. A Satumba 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, mutane suka ɗanɗana rashin jin 'yan'uwansu. Amma amsar ita ce e, sai da lasisi daga hukumomin sadarwa na gwamnatin tarayya kafin ka danna maɓallin magana. A halin da muke ciki, a tsayar da mutum a shingen bincike da oba-oba babu takarda ba ƙaramar magana ba ce, kuma yawancin waɗannan na'urori suna iya shiga mitocin da ba na 'yan sha'awa ba, har da na jami'an tsaro. Ƙungiyar 'yan sha'awa ta Najeriya, NARS, ita ce ke wakiltar ƙasar a ƙungiyar duniya ta IARU da aka kafa a Faris a 1925, kuma ta nan ya kamata mai niyya ya nemi jagora.

Ka kuma san cewa wannan rediyo ba ta da sirri. Dokar duniya ta hana ɓoye ma'anar saƙo a zangon 'yan sha'awa, ta hana kasuwanci a kai. Duk mai na'ura yana jin ka, na kirki da wanda ba na kirki ba, don haka ba wurin faɗin wanda zai yi tafiya gobe da kuɗin shanu ba ne.

Kafin takarda ta fito, ka fara da sauraro. Rediyon gajeren zango ta gida za ta ba ka muryoyin 'yan sha'awa a cakuɗe, domin su SSB suke amfani da shi, saboda haka ka nemi wadda ke da wannan maɓalli. Ka ɗaura mata waya mai mita 10 zuwa bishiya, ka zagaya tsakanin megahaz 14.100 da 14.350 bayan la'asar, ka riƙa rubuta lambar kira da lokaci da ƙarfin siginar duk wanda ka ji.